Kurakuran da ke kashe mana kifin ado a tanki

A satin nan kaɗai mutum uku ne suka turo min hoton kifi ya juya ciki sama a tanki, kuma kowa tambayarsa ɗaya ce, wane magani zan saya. Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani, don yawancin kifin nan ba ciwo ne ya fara kama su ba, hannun mai su ne.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne haɗa kifi saboda kala. Mutum zai shiga wajen mai sayarwa ya ga ja ya ga ruwan ɗorawa ya ga mai doguwar jela, sai ya ce malam ɗaura min bibbiyu a leda, bai tambayi wa ke cin wa ba, bai tambayi girman da kowanne zai kai ba. Ni ma ta nan aka fara cina. Ina da gofi 12, ƙananan kifin ado masu kala, a tanki mai lita 60 a falonmu a Tudun Wadan Zariya, suna lafiya har suna haihuwa, sai wani abokina da ke kiwon kifi ta wajen Shika ya ba ni 'ya'yan tarwaɗa guda biyu, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, na kawo na zuba a ciki. Sati shida ba abin da ya faru, suna kwance a ƙasa kamar salihai. Daga nan jariran gofin suka ɓace tas, na ce ko iyayen ne suka cinye su tunda gofi na yin haka, sai kuma manyan suka fara raguwa, 10, 9, 7, kuma ba gawa ko ɗaya. Wata rana bayan isha'i an kashe fitila na zo na haska tocila, sai ga jelar gofi a bakin tarwaɗa tana motsi. Da safe 'yata ta manna fuska a gilashi ta ce Baba ina mai jan jelar nan tawa, na rasa abin da zan ce mata, kwana biyu ba ta leƙa tankin ba.

Tarwaɗa da dare take farauta, kuma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne. Ba ita kaɗai ba fa. Kifin oska da ake sayar muku yana ɗan mitsitsi mai kyau, asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne kuma yana kai santimita 30 ko fiye, kafin shekara ya share duk ƙananan da ke tare da shi. Kifin enjel ma in ya girma yana haɗiye ƙananan kifin da ake kira niyon tetira. Kifin taiga bab shi ba ya haɗiya amma ya dinga bin masu doguwar jela kenan yana yagewa har su lalace, in kana son shi ka sayi shida zuwa sama su yi ta faɗansu a tsakaninsu, kuma kar ka sa musu gofi ko beta, kifin nan mai faɗa da doguwar jela. Beta namiji biyu a tanki ɗaya kuwa ka haɗa zakaru biyu a akurki ne. Masu kamo karfasa daga kogin Kubanni ko Galma su zuba cikin kifin ado, don Allah ku daina, tana tone tsakuwa tana korar kowa, ga ƙwayoyin cutar da za ta taho da su daga rafi.

Akwai kuma waɗanda ba sa faɗa amma ruwansu ba ɗaya ba ne. Golfish kifin ruwan sanyi ne, wajen digiri 18 zuwa 22 ya fi so, su kuma gofi da moli da filati da tetira sai 24 zuwa 27. A Zariya kuwa kowa ya san asubahin Disamba da Janairu, ruwan tanki yana yin sanyi ƙalau, golfish na wasansa su gofi sun takure a lungu, bayan 'yan kwanaki ka ga ɗigo-ɗigon fari a jikinsu kamar an barbaɗa gishiri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sanyin ne ya raunana su cutar ta samu hanya. Da Afirilu kuma abin ya juya, ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, golfish ne zai hau sama yana haki. Ni dai golfish tankinsa daban yake, ga shi da yawan kashi, sauran kuma ina sa musu hita tun daga ƙarshen Nuwamba, in ba wuta in lulluɓe tankin da tsohon bargo da daddare. Wasu na haɗawa su ce ba komai, ni na daina.

Yanzu maganar wanke tanki, a nan ne na yi asarar da ta fi ta tarwaɗa. Ana jibi Sallah ana ta share-sharen gida, na ce bari su ma kifi a gyara musu wuri, na kwashe su a baho, na zubar da ruwan kaf, na wanke tsakuwa da omo na ɗauraye, soson filta, wato na'urar tace ruwa, na murje shi a bakin famfo har ya yi fari, na cika da sabon ruwa. Tanki ya yi fes baƙi na ta yabawa. Rana ta uku ruwan ya yi hazo-hazo kamar an ɗiga madara, kifi sun taru a sama suna buɗe baki, kafin sati na tsame guda 9 ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban sani ba a lokacin, kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, guba ce, kuma akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a soso da tsakuwa, su ke mayar da ita sinadarin naitirait sannan wani mai suna naitiret wanda cutarwarsa kaɗan ce. Wannan dattin mai launin ruwan ƙasa da na wanke daga soso gidansu ne. Kuma kafin su sake taruwa ana ɗaukan sati 4 zuwa 6.

To shi ya sa raina ke ɓaci in na ga mutum ya sayi tanki da hantsi, da la'asar ya cika shi da kifi 20. Haba ɗan'uwa, saurin me kake yi? Ka kunna filta, ka fara da biyu ko uku, ka jira, ko ka roƙi gutsuren tsohon soso wajen wanda tankinsa ke lafiya ka sa a naka. Ni duk Asabar nake zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ina bin tsakuwa da shi, in mayar da ruwan da ya kwana a buɗaɗɗen bokiti. Soso kuma a cikin tsohon ruwan da na zuƙe nake matse shi sau biyu uku in mayar, sabulu ba ya kusantar kayan kifina ko kaɗan, bokitinsu ma daban yake na hana a yi wanki da shi. Ruwan famfo na da kulorin, shi ya sa nake barin sa ya kwana, in ka samu maganin cire shi ya fi, na 'yan garuwa kuma ka sunsuna jarkar tukuna, wata an taɓa zuba mata fetur ko kalanzir.

Abinci, abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa, kuma ka ɓoye robar daga yara don kowa ya wuce sai ya barbaɗa, burodi da tuwo kuwa ruɓar da ruwa kawai suke yi. Kar ka ajiye tanki a bakin taga, gansakuka za ta rufe gilashin. Sabon kifi ka bar ledar tana yawo a saman ruwa kamar minti 20 kafin ka sake shi, kuma ni sai ya yi sati biyu a wani ƙaramin tanki na ga lafiyarsa. Maganin sauro na feshi da fiya-fiya suna kashe kifi nan take, ka kashe injin iska mai hura wa ruwan iska ka rufe tankin ruf kafin a fesa. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba ka nemi ɗan injin iska mai batir, in babu ka riƙa ɗiban ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci.

Ku ukun da kuka turo hoto, ku bar sayen magani tukuna. Ku tsame waɗanda suka mutu yanzu, ku canza rabin ruwan da wanda ya kwana, ku tsayar da abinci kwana biyu, injin iska ya yi ta aiki dare da rana, sannan kowa ya rubuto min sunayen kifin da ya haɗa da litar tankinsa da ranar da ya fara zuba ruwa.