Yadda Ake Shimfiɗa Layin Dogo Na Ma'aunin G A Cikin Ɗaki

Kafin ka sayi kan jirgi ko tarago, ɗauki tef ka auna ɗakin. A wannan harka ta ƙananan jiragen ƙasa na wasa, faɗin kwana shi ke yanke hukuncin irin jirgin da zai iya gudu a gidanka, kuma gyara shi bayan an kafe layi aiki ne ja.

Ma'aunin G shi ne babba a cikin ƙananan jiragen ƙasa da aka saba ajiyewa a gida. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan layinsa biyu milimita 45 ce. Kamfanin Lehmann na Jamus ne ya fito da shi a 1968 da sunan LGB, inda kowane abu ya ƙanƙance sau 22.5, wato mutum mai tsawon mita 1.7 zai dawo kimanin santimita 7.5. Wasu kamfanonin suna ƙera jirage a 1:20.3 ko 1:29 ko 1:32, duk a kan layi ɗaya. Za su yi gudu tare, amma ido zai ga wani ya yi wa wani girma, don haka ka tsaya a kan ma'auni guda. Mai son kwaikwayon tsohon layin Legas zuwa Kano, wanda faɗinsa milimita 1,067 ne, ya zaɓi 1:24, don shi ya fi dacewa da lissafin. Tasha da dalar gyaɗa a gefenta za su fito da kyau ƙwarai a wannan girman.

Kwana mafi matsi ta LGB ita ce R1: guntaye 12 ke haɗa da'ira mai faɗin mita 1.2, kuma tana buƙatar tebur mai faɗin mita 1.5 saboda jikin tarago yana leƙowa waje. Ƙananan jirage kawai take ɗauka da daɗi. In ɗaki ya ba da hali, ka nemi R3, mai guntaye 16 da faɗin kusan mita 2.4. Kada ka haɗa kwanar dama da ta hagu kai tsaye. Sanya miƙaƙƙen layi a tsakani, wanda tsawonsa ya kai taragonka mafi tsawo, in ba haka ba mahaɗan taragu za su ja juna su fitar da ƙafa daga layi.

Kanta mai bin bango ta fi babban tebur a tsakar ɗaki amfani. Faɗinta kada ya wuce santimita 75, iyakar inda hannu ke kaiwa ke nan, tsayinta kuma kamar mita ɗaya. Kafinta ya yi amfani da falankin katako mai kaurin milimita 12 zuwa 18, a shafa masa maganin gara, a duba shi da ma'aunin lebur ta kowace fuska. Shimfiɗa siririn soso ko roba a ƙarƙashin layin, domin katako tsirara yana amsa ƙara kamar ganga. Hawa kuwa kada ya wuce santimita 2 zuwa 3 a kowace mita, fiye da haka ƙafafun kan jirgi za su riƙa sulɓi.

Batun wuta shi ne inda aka fi yin asara. Jirgin yana shan wutar DC da ba ta wuce bolt 24 ba, daga ƙarafan layin. Duba jikin taransifoma kafin ka jona: ta kasuwar Amurka ta bolt 120 ce, wutar gidajenmu kuma 220 zuwa 230, nan take za ta ƙone. Nemi ta Turai, ka haɗa ta da sitabilaiza. Idan jirgi yana rage gudu a can nesa da taransifoma, mahaɗan layi ne suka yi sako-sako ko suka yi dauɗa. Maganinsa a ja waya mai kauri a ƙarƙashin kanta, a riƙa ba layin wuta duk bayan mita 2 zuwa 3. Layin da ya zagayo ya koma kan kansa, har jirgi ya juyo ya bi hanyar da ya fito, yana haɗa wayoyin wuta biyu, sai an raba shi da mahaɗan roba da na'urar juya wuta.

Ƙarafan layin na tagulla ne, kuma zafi yana miƙa su. Layi mai mita 10 zai ƙaru da kusan milimita 4 in zafi ya hau da digiri 20. Saboda haka kada ka ɗaure kowane guntu tamau da kusa, bar ɗan sarari kamar kaurin kati a wasu mahaɗai.

Sai jirgi ya yi mako guda yana zagaye gaba da baya ba tare da ya sauka ba, sannan a zuba tsakuwa. Tankaɗe ƙanana, ka baza su da buroshi, ka ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulun ruwa don ya ratsa. Nisanta gam daga inda layi ke sauya hanya.

Da hunturu ƙura kan kwanta a kan ƙarfe, sai ka ga fitilar jirgi tana ƙyaftawa, yana tafiya yana tsayawa. Goge saman layin da ƙafafun jirgin da tsumma mai ɗan sifirit, ban da samfefa, don tana barin kuje da ke tara datti. Man da ake ɗiga wa jirgin kuma ɗigo ɗaya ya isa, irin wanda ba ya cin roba. In an gama wasa, a lulluɓe layin da zane mara nauyi.