Yadda nake sa wa bindigar farauta maƙalin maɗaurin ratayawa a kafaɗa

Kafin komai, cire harsashi, ka leƙa ciki da idonka.

Kifa bindigar a kan tsumma. A ƙasan katakon gindinta, auna inci 2 daga ƙarshe, ka manna tef, ka yi alama a tsakiya daidai. Tef ɗin yana hana fentin katakon ɓarewa. Dasa ɗan rami da basilla don kada bakin abin huji ya zame, sannan ka huda da baki mai inci 5/32, a miƙe, ba a karkace ba.

A nan na taɓa yin ɓarna. Gaggawa ta sa na murɗa sukurun maƙalin ba tare da na huda ba, katakon ya tsage kusan tsawon yatsa, har yau tabon yana nan. Yanzu sai na goga wa sukurun sabulu, in zura ƙusa a ramin da ke kansa, in riƙa juyawa sannu sannu har ramin ya tsaya a gicciye.

Gaban bindigar kuwa ba wuya. A bindigogi irin su Remington 870, sauya murfin bututun harsashi da mai maƙali. Kada ka kuskura ka huda bututun bindigar.