Yadda na gyara gajiyar doguwar tafiya

Alamar farko takan zo shiru. Ka isa sabon gari, ka zauna bakin gado, jaka na nan a rufe, ko leƙa taga ba ka marmari. Abin da ke cinye ƙarfin mutum shi ne yanke shawara kullum daga farko: masauki, motar da za a hau, layin waya, canjin kuɗi.

Gyaran da ya yi aiki shi ne rage gudu. Kowane gari a yi aƙalla kwana 28 maimakon 3. Ranar tafiya a ɗauke ta ranar aiki cikakkiya, washegari a huta. A kowane mako a ware kwana 2 babu yawon buɗe ido, sai wanki, barci da kiran 'yan uwa. Idan aka je ƙasar da agogonta ya bambanta da na inda aka baro, jiki na neman kusan kwana ɗaya kan kowace awa ta bambanci, kuma tafiya gabas ta fi wuya.

Inda ake yin tuntuɓe: a kama ɗaki na wata guda, sai a cika watan da ƙananan tafiye-tafiye, gajiyar ta dawo sabuwa fil. A kuma lissafa biza tun wuri, domin a yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu bizar bai ɗaya, kwana 90 ne kacal cikin kowane 180, zama uku na kwana 28 sun kusa cinye su.