Yadda ake auna abin da sabon mai tsara hari zai jawo wa abokiyar hamayya a ƙwallon Amurka

Duk watan Janairu da Fabrairu, da zarar wata ƙungiyar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta ɗauki sabon mai tsara hari, wato kocin da ke kula da ɓangaren hari, sai ka ga sababbin masu bibiyar wasan sun rabu biyu. Wasu su ce abokiyar hamayya ta shiga uku, wasu su ce babu abin da zai canza. Dukkansu kuma da sunan mutumin kawai suke yanke hukunci. Na yi irin wannan a 2023, lokacin da Baltimore Ravens ta kawo Todd Monken ya gaji Greg Roman, kuma na sha ƙasa har sau biyu a kan wasa ɗaya da suka yi da Pittsburgh Steelers. Da wannan misalin zan nuna yadda nake yi yanzu.

Abu na farko, gano wa ke kiran wasa, wato wa ke zaɓar dabarar da za a yi a kowane taku. Muƙamin mai tsara hari ba ya nufin muryarsa ce ke shiga hular kwatabak, mai jifan ƙwallo da ke jagorantar hari, kafin kowane taku. A Kansas City Chiefs, babban koci Andy Reid ne ke kira. Haka Sean McVay a Rams, haka Kyle Shanahan a San Francisco. Shi ya sa da mai tsara hari Eric Bieniemy ya bar Kansas City ya koma Washington a 2023, masu tsoron zai kwaso sirrin Chiefs gaba ɗaya suka ga Washington ta ci wasa 4 ta faɗi 13, an kuma kayar da kwatabak ɗinsu Sam Howell da ƙwallo a hannu sau 65. Idan babban kocin ƙungiyar mai kiran wasa ne da kansa, rage nauyin sabon zuwan da rabi, ka wuce. A Baltimore a 2023 ba haka ba ne. Babban kocinsu na lokacin, John Harbaugh, ta fannin bugun ƙafa da tsaron baya ya fito, don haka Monken ne mai wuƙa da nama a ɓangaren hari.

Na biyu, koma inda ya fito ka kalli aikinsa, amma da hankali. Monken ya zo ne daga Jami'ar Georgia, inda suka ɗauki kofin ƙasa a kakar 2021 da ta 2022. Kafin nan ya tsara hari a Tampa Bay daga 2016 zuwa 2018, sannan Cleveland a 2019. Ni a wurina wasannin Tampa sun fi na Georgia amfani, kuma na ɗauki wannan a matsayin doka: wasan jami'a ba ya auna NFL. Layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu tazararsu ƙafa 40 ce a jami'a, a NFL kuwa ƙafa 18 da inci 6, wato wancan faffaɗan gefe da mai tsara hari ke wasa da shi a jami'a ya tsuke. Ga shi kuma Georgia ta fi yawancin abokan karawarta 'yan wasa nesa ba kusa ba. A NFL babu wannan gata.

Maganar kuɗi a nan: cikakkun wasanni suna Game Pass, tsarin kallon NFL ta intanet da ake biya, wanda a waje da Amurka ta DAZN ake samu tun 2023, kuma ba araha ba ne, ga cin data. Taƙaitaccen bidiyon da NFL ke sakawa kyauta a YouTube ya isa ka fara, sai dai manyan taku kawai yake nunawa. Alƙaluma kuma Pro Football Reference na ba da su kyauta.

Na uku shi ne wanda kowa ke tsallakewa, kuma a nan ne aikin yake. Ɗauki biro da takarda, tsayar da bidiyon kafin a saki ƙwallo, ka ƙirga mutane. Biyar na layin gaba da kwatabak ba sa canzawa. Sauran biyar ɗin nan su ne labarin. Nawa ne masu gudu da ƙwallo a baya, nawa ne manyan nan da ke maƙale a gefen layi suna tarewa suna kuma cafewa, nawa ne siraran masu cafewa da ke can bakin fili? Idan mai gudu ɗaya ne, babban gefe ɗaya, masu cafewa uku, masana na kiran wannan jeri 11. Idan manyan gefe biyu ne, 12. Masu gudu biyu da babba ɗaya, 21. Rubuta lambar kowane taku, ko da taku talatin ne kawai. Aiki ne mai gundura, na sani, amma ba ka gama shafi ɗaya ba za ka fara ganin halin mutumin.

Me ya sa wannan ya shafi abokiyar hamayya? Saboda masu tsaro amsa suke bayarwa. Roman ya gina harinsa a kan ƙarti. Patrick Ricard, mutum mai nauyin kusan kilo 135, yana gaba yana share hanya, kwatabak Lamar Jackson na biye. A 2019 sun yi gudun yadi 3,296, abin da ba a taɓa yi ba a kaka ɗaya. Duk mai son tare wannan dole ya cika tsakiya da nasa ƙartin, kuma Steelers, da suke haɗuwa da su sau biyu kowace shekara, sun riga sun san wannan dambe kamar yunwar cikinsu. To sai ga Baltimore a 2023 ta zaɓo Zay Flowers a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, ta ɗauko Odell Beckham Jr. da Nelson Agholor, dukkansu masu cafewa. Ma'ana za a riƙa ganin masu cafewa uku a fili fiye da da. Idan haka ta faru, Pittsburgh sai ta fitar da ƙato ɗaya ta shigo da ɗan baya na biyar. To wane ne wannan na biyar ɗin? Ya iya? Ga tambayar da za ka rubuta da manyan baƙaƙe. Tasirin sabon mai tsara hari a kan abokiyar hamayya yawanci a jikin mutum ɗaya yake sauka, wanda da can a benci yake zaune, yanzu kuma dole ya buga rabin wasa.

Kuskurena na farko shi ne na tsaya a nan, na ce Pittsburgh ta gama yawo. Ban juya tambayar ba. Mai buɗe fili da masu cafewa uku ya rage masu tarewa a bakin layi, a bakin layin Steelers kuwa T.J. Watt ne a gefe guda, Alex Highsmith a ɗaya gefen. Watt ya kayar da kwatabak sau 19 a kakar 2023, ya fi kowa a gasar. Don haka bayan ka rubuta wanda za a tona wa asiri a wurin abokiyar hamayya, rubuta wanda sabon tsarin zai sakar wa mara a wurinsu.

Ranar 8 ga Oktoba, 2023, ƙarfe shida na yamma agogon Nijeriya, na zauna na kalli wasan da aka buga a Pittsburgh. Ravens ta fara da 10 da babu, ina ta murmushi. Aka tashi 17 da 10, Steelers ce da nasara. Nan na yi kuskure na biyu, wanda shi ne mataki na huɗu: kada ka auna mai tsara hari da sakamakon wasa. Na ce Monken hayaniya ce kawai. Da na sake kallo bayan kwana biyu, rai a kwance, sai na ga tsarin ya buɗe mutane yadda ake so, ƙwallo na zuwa har tafin hannu suna zubarwa, har da a cikin yankin ci. Maki biyun da suka juya wasan daga toshe bugun ƙafa suka fito, abin da babu ruwan mai tsara hari da shi. Joey Porter Jr., ɗan sabon shiga a lokacin, ya cafke jifan Jackson a yankin ci, George Pickens ya ci ta yadi 41, sannan Highsmith ya fizge ƙwallo daga hannun Jackson, Watt ya ɗauke. Na ƙarshen nan ne kaɗai takardata ya kamata ta hango. Ravens ta gama kakar da nasara 13, Jackson ya zama gwarzon ɗan wasan gasar karo na biyu. Wasansu na biyu da Steelers, shi ma 17 da 10, kada ma ka sa shi a lissafi, Jackson bai buga ba, an hutar da shi.

Don haka idan za ka sake kallo, raba takarda gida biyu: abin da tsari ya haifar, da abin da hannu ko ƙafar wani ya ɓata.

Na biyar, ba sabon mai tsara harin shekara biyu, kuma ka sa ido a kasuwar 'yan wasa ta Maris. A 2024 Baltimore ta ɗauko mai gudu da ƙwallo Derrick Henry, Pittsburgh kuma ta ɗauke musu ɗan tsaro Patrick Queen. Monken bai watsar da Ricard ba, ya haɗa ƙartin da buɗaɗɗen filin, sai masu tsaro suka rasa wanne za su shirya wa. Steelers ta sake sha da kyar a Nuwamba, 18 da 16, duk makinta daga ƙafar Chris Boswell. A Disamba Ravens ta rama, 34 da 17. A wasan fitar da gwani na Janairun 2025 aka tashi 28 da 14, Henry shi kaɗai ya yi gudun yadi 186. Haka labarin mai tsara hari Kellen Moore a Philadelphia Eagles a 2024: an ce ya san Dallas ciki da waje tunda can ya yi aiki, kuma Eagles ta lallasa su 34 da 6, sannan 41 da 7. Amma a shekarar ne mai gudu da ƙwallo Saquon Barkley ya zo Eagles, kuma kwatabak ɗin Dallas, Dak Prescott, na jinya a wasannin biyu, don haka a rage wa Moore ladan.

Sauran abubuwa kaɗan. Wasannin share fage na Agusta kada ka ɓata data a kansu, babu mai nuna makaminsa a can. Duba ko kocin layin gaba ya canza tare da shi, in bai canza ba salon gudu da ƙwallo zai daɗe kamar na da. Duba kuma a wane mako ne haɗuwarsu ta farko ta faɗo. In a Satumba ce, abokiyar hamayya ba ta da bidiyon da za ta yi nazari, amma su ma masu sabon tsarin ba su gama haddace shi ba. In a Nuwamba ce, sake ƙirga jerin mutanen daga wasanni uku na baya-bayan nan, ka yar da takardar Fabrairu.