Yadda ake renon ƙwayoyin tushe har su zama ƙwayoyin hanta

Aikin yakan ɗauki kwana 20, kuma kwaikwayo ne na abin da ke faruwa a jikin ɗan tayi: ana ba ƙwayoyin tushe, wato waɗanda za su iya zama kowace irin ƙwaya ta jiki, sinadari ɗaya bayan ɗaya, kowanne a lokacinsa. A shafe faranti da Matrigel, wato haɗin furotin da ƙwayoyi ke mannewa a kai, a shuka ƙwayoyin, a ajiye a zafin digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari. Kullum a canza ruwan renon.

Kwana biyar na farko su ne ƙashin bayan aikin. Ana zuba furotin Activin A, nanogiram 100 a kowace mililita, cikin ruwan reno na RPMI mai haɗe da B27 (ƙarin abincin ƙwayoyi), domin ƙwayoyin su rikiɗe su zama endodam, wato shimfiɗar da hanta, huhu da hanji ke fitowa daga gare ta. A kwanakin farko B27 ɗin ya zama marar insulin, don insulin yana kunna PI3K, wata hanyar saƙo a cikin ƙwaya, ita kuwa takan riƙe ƙwayoyin a halinsu na da. Yawan shuka ma abin lura ne. In sun yi tazara sai su mutu, in sun cunkushe sai wasu su ƙi sauyawa, a tarar da OCT4, furotin da ke nuna ƙwaya tana nan a matsayin ta tushe, bai gushe ba. A kwana na biyar a duba SOX17 da FOXA2, furotin biyu da ke nuna ƙwaya ta zama endodam. Muddin masu ɗauke da su ba su kai kashi 80 ba, gara a sake daga farko, domin matakan gaba ba sa gyara wannan ɓarna.

Daga nan sai furotin BMP4 nanogiram 20 da FGF2 nanogiram 10 a kowace mililita na kwana biyar, don karkata ƙwayoyin zuwa hanta, tare da rage oksijin zuwa kashi 4. A cikin tayi, naman da zai zama zuciya ne ke aiko da FGF. HNF4A, alamar cewa ƙwayoyin sun kama hanyar zama hanta, zai bayyana. Sai HGF, furotin mai haɓaka ƙwayoyin hanta, nanogiram 20, shi ma kwana biyar. A wannan gaɓa ƙwayar tana iya zama ta hanta ko ta bututun maɗaciya, kuma idan Notch, saƙon da ƙwayoyi ke aika wa maƙwabtansu, ya yi ƙarfi, bututun za ta nufa. A kwana biyar na ƙarshe a rufe da furotin Oncostatin M nanogiram 20 da maganin deksametason, domin ƙwayoyin su nuna.

Kada a ruɗu da ganin albumin, furotin da hanta ke yi, a ɗauka ƙwayoyin sun nuna, don hantar ɗan tayi ma tana yin sa. Galibi abin da ake samu bai gama nuna ba: AFP da CYP3A7, alamomin hantar ɗan tayi, suna sama, CYP3A4 kuwa, sinadarin da hantar baligi ke sarrafa magunguna da shi, yana ƙasa ƙwarai. Sai a auna yuriya, a rina da rinin PAS don ganin glaikojin (sukarin da hanta ke ajiyewa), a ba su maganin rifamfisin a ga ko CYP3A4 zai tashi, sannan a gwada sakamakon da na ƙwayoyin hantar baligi. Renonsu a dunƙule, ko tare da ƙwayoyin jijiyar jini, yana ƙara musu nuna.