Netbol a Biktoriya: Abin da Za Ki Sani Kafin 'Yarki Ta Ce Tana So

Makon jiya wata baiwar Allah da ba ta fi wata biyar da sauka Melbon, babban birnin jihar Biktoriya ta Ostireliya, ba ta kira ni, muryarta na rawa. 'Yarta ta gurɗe a filin netbol, an kira motar asibiti, yanzu ga takardar kuɗi ta iso gida. "Anti, wai da gaske ni zan biya wannan?" Na ce mata da gaske ne. Ita ce ta uku da ta yi min irin wannan kira, kuma ramin da suka faɗa ni na fara faɗa masa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don na gaji da maimaita magana ɗaya bayan aikin gama ya gama.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. 'Yan wasa 7 ne kowane ɓangare, ana jefa ƙwallo cikin zobe da ke kan sanda mai tsawon mita 3.05, babu allo a bayansa kamar na ƙwallon kwando. Ba a gudu da ƙwallo, ba a riƙe ta fiye da daƙiƙa 3, kuma kowace yarinya tana da iyakar inda za ta taka, gwargwadon haruffan da ke rigarta. Manya suna buga zango 4, kowanne minti 15. Asabar biyu kika tsaya a bakin fili kin gane sauran.

Abin da sababbin zuwa ba su ganewa shi ne matsayin wasan a ƙasar nan. A gida ba mu san shi sosai ba, sai mu ɗauka wasan tashe ne na 'yan makaranta. A Ostireliya tun 1927 aka kafa ƙungiyarsa ta ƙasa, a lokacin ana kiransa ƙwallon kwando na mata, sai a 1970 aka koma kiransa netbol. Tawagar ƙasa, Diamonds, ita ta ci gasar duniya ta farko a Ingila a 1963, ita kuma ta ci ta 2023 a Afirka ta Kudu, karo na 12 ke nan. Malamar 'yarki ta buga, maƙwabciyarki ta buga, wataƙila matar da za ta yi miki intabiyu ɗin aiki har yanzu tana bugawa da daddare. Idan kika hana 'yarki, kin rufe mata ƙofar da sa'o'inta suke haɗuwa, ke ma kin rufe wa kanki.

A sama akwai gasar ƙwararru ta ƙasa, Super Netball, wadda aka fara a 2017. Melbon tana da kulob biyu a ciki: Vixens, da Mavericks da ta shigo a 2024 bayan Collingwood ta janye. Ƙasa da wannan kowace jiha tana da tata gasar, tamu ita ce Victorian Netball League, kowa VNL yake ce mata. Hukumar Netball Victoria ce ta fara ta a 2009, ta maye gurbin tsohuwar gasar jiha. Galibin wasanninta daren Laraba ake yi a babban zauren netbol na jiha da ke Parkville, dab da gidan zu, daga wajajen Maris zuwa Agusta. A 2020 ta tsaya cak, lokacin kullen korona.

Shekara da shekaru kulob 10 ne, kowanne da rukuni uku: na manya, na biyu, da na 'yan ƙasa da 19. A 2024 aka sake fasali, kulob suka zama 12, rukuni ya koma biyu, na manya da na 'yan 23 zuwa ƙasa. Kulob ɗin Ariels ya fita, aka shigo da Bendigo Strikers da Gippsland Stars da Western Warriors. Wannan canji ya shafe mu kai tsaye, domin biyu daga cikinsu na garuruwan wajen birni ne, inda ake tura masu bizar yankunan karkara, ta ukun kuwa tana can yamma wajen Melton, inda 'yan Afirka da yawa suke samun hayar da aljihunsu zai ɗauka. Tsofaffin kulob ɗin su ne City West Falcons, wadda ta fi kowa cin kofin, kuma Marg Lind ta daɗe tana horar da ita, sai Boroondara Express, Melbourne University Lightning, Geelong Cougars, North East Blaze, Southern Saints, Hawks, Peninsula Waves, da Casey Demons da ta shigo a 2019.

Peninsula Waves nake so ku riƙe sunanta. Ita ce ta kawo Mwai Kumwenda daga Malawi, 'yar ƙauye, ta buga a VNL, daga nan ta wuce tawagar jiha, Victorian Fury, ta je Niyu Zilan, ta dawo Melbon ta shiga Vixens. Ita aka zaɓa gwarzuwar gasar duniya ta 2015, ita ce kuma gwarzuwar wasan ƙarshe da Vixens ta ci kofi a 2020. Duk sanda 'yata ta dawo tana cewa ita kaɗai ce baƙa a tawagarsu, labarin wannan mata nake ba ta.

To amma a yi haƙuri da ni, 'yan uwa. Wani bawan Allah ya taɓa tare ni a wajen suna, wai 'yarsa doguwa ce, in haɗa shi da masu VNL. Yarinyar ba ta taɓa riƙe ƙwallon ba! Tsawo ba ya kai kowa can. Ƙanana 'yan shekara 5 zuwa 10 suna farawa da shirin NetSetGO. Daga nan kulob ɗin unguwa, wanda ke buga wasan Asabar ƙarƙashin ƙungiyar yanki. Wadda ta yi fice sai a gwada ta a tawagar yankin, daga nan makarantar horo ta jiha da tawagogin 'yan ƙasa da 17 da 19. VNL tana can ƙarshen tsani, kuma mafi yawan yara ba za su kai ba. Ba laifi ba ne. Ki sa ta don lafiyarta da ƙawaye da ladabin aiki tare da mutane.

Yanzu takardu, inda na sha wuya.

Na farko lokaci. Sanyin nan daga Yuni zuwa Agusta yake, kakar wasan sanyi kuma tun wajen Afrilu take farawa, amma rajista tun kafin nan da watanni ake buɗe ta. Shekararmu ta farko na jira sai da na ga yara sun fara fita da riguna sannan na je. Aka ce an gama raba tawagogi. Yarinya ta yi kuka har ta gode Allah, muka jira wata shida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar an koma makaranta a ƙarshen Janairu ki fara tambaya. Gwajin shiga tawagar yanki shi ma tun ƙarshen shekara ake yi don shekara mai zuwa, kuma ba wanda zai zo ƙofarki ya tuna miki.

Na biyu kuɗi kashi biyu ne. Akwai na kulob, akwai kuma na zama mamba a Netball Victoria, wanda ake sabuntawa duk shekara, in babu shi 'yarki ba ta taka fili. Ta intanet ake yi. Ki rubuta sunanta daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Ni na sa sunan da muke kiranta a gida, daga baya da muka zo neman haƙƙinmu sunan rajista daban na asibiti daban, na yi makonni ina aika wasiƙu. Idan kina da katin rangwame na gwamnati, ki riƙa duba shirin Get Active Kids na jiha, yakan ba da tallafi har dala 200 ga yaro, amma buɗewa yake yana rufewa.

Na uku shi ne motar asibiti, kuma nan nake so ki natsu. Medicare, wato tsarin kula da lafiya na gwamnati, ba ya biyan kuɗin motar asibiti a Biktoriya. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na ga katin nan kore na Medicare a jakata, na ga an ce rajistar netbol tana da inshora, sai na ɗauka mun gama. Ranar wata Asabar da ake yayyafi 'yata ta tashi sama ta cafe ƙwallo, ta sauka a kan ƙafar wata, gwiwa ta juye. Ina jin ihunta daga inda nake tsaye. Netbol wasan tsayawa farat ɗaya ne, shi ya sa gwiwa da idon sawu suka fi shan wahala, kuma filayen Asabar da yawa a waje suke, ƙasa mai tauri. Aka kira mota, suka zo da sauri, suka kula da ita yadda ya kamata, ba ni da abin cewa sai godiya. Bayan makonni takarda ta zo, kuɗin ya haura dala 1,000. A lokacin maigida bai samu tsayayyen aiki ba, haya na jiranmu, ga mutanen gida suna sa ran saƙo. Na zauna a kicin da takardar a hannu na rasa ta inda zan fara gaya masa. Kuɗin da na tara don zuwa ganin mahaifiyata na fasa.

Daga baya na gano da na yi rajistar iyali ta shekara da hukumar motocin asibiti ta jiha, abin da zan biya bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Inshorar netbol ɗin ma na gane tana da iyaka: akwai abin da take mayarwa, akwai wanda ba ta taɓawa, kuma sai kin fara biya, kin cike fom, kin haɗa rasit da takardar likita cikin wa'adi. Ga kuɗin masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, wanda mafi yawansa daga aljihu yake fita, mu wata huɗu muna zuwa. Saboda haka kafin 'yarki ta sa takalmi, ki tabbatar da matsayinki. Masu katin rangwame na lafiya suna da sauƙi. Masu bizar karatu da masu inshorar kansu su buɗe takardar su karanta da idonsu, kada su dogara da "an ce". Duk rasit ki ajiye, ki kuma sa a rubuta raunin a kulob ranar da ya faru.

Akwai kuma takardar tantance masu aiki da yara, Working with Children Check. Kyauta ce ga masu aikin sa kai, tana yin shekara 5, kulob da yawa suna nemanta ga duk wanda zai taimaka. Wasu mazanmu suna jin haushi, wai ana zarginsu. Kowa ake tambaya, har kakannin da aka haifa a nan. Alhaji, a je a yi kawai.

Maganar sutura ita ce ta fi damun iyaye, kuma na fahimta, ni ma ita ta fara tsayar da ni. Gajeriyar rigar da ake gani a talabijin ba dole ba ce yanzu. An sassauta ƙa'ida, ana barin dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashi, da riga mai dogon hannu, da hijabi. Ki yi magana da kulob tun ranar rajista, ki sa su amsa a rubuce, ki sayi hijabin wasa wanda ba ya buƙatar fil. Ɗan kunne da zobe da awarwaro duk cirewa ake yi, ana kuma duba farce kafin a shiga. Kada ki huda mata kunne ana gab da fara kaka. Lalle ba ruwan kowa da shi, sai ma tambaya da za ki sha.

Abu ɗaya yana ɓata min rai da mutanenmu: a sauke yarinya a bakin fili a ja mota. Waɗannan kulob ɗin iyaye ne ke riƙe da su, ba wanda ake biya. Za a sa ki a jerin masu rubuta maki ko masu tsaron kantin kulob, ki je. A garuruwan waje, inda ƙwallon ƙafa irin tasu da netbol suke kulob ɗaya, za ki ga ana shan giya bayan wasa. Ki gaisa da kowa, ki yi aikinki, ki tafi, ba mai tilasta ki. Ina alfahari da cewa yanzu a unguwarmu akwai matan Hausawa biyu da ke rubuta maki duk Asabar, ɗaya kuma 'yarta ta fara koyon alƙalanci tana samun ɗan na kashewa. Aikina na farko a ƙasar nan ma wata uwa da muke tsayawa tare a cikin sanyi ce ta yi min hanyarsa.

Idan kakar VNL ta zagayo, ki ɗauki 'yarki wata Laraba ku je Parkville. Jirgin ƙasa na layin Upfield yana tsayawa a tashar Royal Park, taragon titi mai lamba 58 ma yana bi ta nan. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri, ku yi magariba kafin ku fita, domin sai dare ya yi sosai ake tashi.