Kurakuran baƙo mai zaga Kofanhagan da ƙafa

Kofanhagan, babban birnin Denmak, gari ne shimfiɗaɗɗe, ba hawa ba gangara, shi ya sa baƙi ke son taka shi da ƙafa. Sai dai kuskuren da ya fi yawa yana nan tun daga ƙofar masauki: tsayawa a hanyar kekuna. Manyan titunan garin kashi uku ne, na mota, na keke, sai na masu tafiya a ƙasa, na keke ya ɗan fi na mota tudu, na masu tafiya a ƙasa kuma ya ɗan fi na keke. Baƙo ya hango na tsakiyar fayau, sai ya shiga ya tsaya ɗaukar hoto. Mutanen garin kuwa da keke suke zuwa aiki, a guje, wani ma da yara biyu a akwatin gaba, kuma ƙararrawa ɗaya zai kaɗa maka. Kafin ka sauke ƙafa, ko kana saukowa daga bas, waiwaya tukuna. Danja ma haka, ko titi ba kowa ka jira ta ba ka hannu, don ana cin tara.

Sai takalmi. Tsofaffin unguwanni irin su Nyhavn da duwatsu aka daɓe su, takalmin gayu ba ya kai mutum la'asar. Ka sa mai taushi, ka riƙe rigar ruwa ko da rana ta fito.

Wasu kan kashe rabin yini don ganin shahararren mutum-mutumin 'yar ruwa (rabi mace rabi kifi) na bakin teku, da aka kafa a 1913, su tarar tsayinsa bai wuce mita 1.25 ba. Ni a ganina hanyar ta fi shi daɗin kallo. Ka bi ta fadar Amalienborg da ƙarfe 12 na rana lokacin da dogarai ke canjin aiki, sannan ka ƙarasa.

Kada ka auna yini da agogon gida. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, a Yuni kuwa sai wajen 10 na dare, don haka ka duba lokutan salla tun da safe.

Kuɗinsu kurona ne, ba yuro ba, kuma kusan ko'ina kati ake karɓa. Ruwan famfo ana sha, gorarka ta ishe ka. Naman da ake sayarwa cikin burodi a rumfunan bakin titi galibi na alade ne. Mai neman halal ya nufi unguwar Nørrebro, can shawarma take, can kuma babban masallacin da aka buɗe a 2014 yake.